Yarinyar Da Ke Bakin Fili

 Ina fata kin sauke tukunya, ko kuwa dai kin rage mata wuta, domin zancenmu na yau yana son a ɗan zauna.

Kwanakin baya na je gidan yayata a Unguwar Dosa. Muna zaune a tsakar gida tana tsintar shinkafa, sai ga yara sun dawo daga Islamiyya, ko allo ba su gama ajiyewa ba suka ɗauko wata ƙwallon roba da ta sha duniya. Kafin a fara wasa sai da aka yi rabon suna. Babban ya ce shi ne Majid, mai bi masa ya ce shi Bassam, ɗan maƙwabta kuma aka tura shi bakin ƙofar kicin ya zama gola. Autarsu, 'yar shekara shida, ta tsaya tana jiran nata sunan. Yayan ya dube ta ya ce, "Ke ai manaja ce. Je ki ɗebo mana ruwa, in mun ci sai ki yi tafi." Na zaci za ta yi kuka ko ta kawo ƙara. Ina! Da gudunta ta ɗauko kofi, har da murna. Ita ma ta san wannan matsayin, ta sha ganinsa a talabijin, kuma a ganinta nan ne wurinta.

Tun daga ranar na koma ina kallon katun ɗin nan na wasanni da wani ido daban. Na bar kallon mai ƙwallo, na koma kallon 'yan matan da ake ajiyewa a bakin fili. Su nake so mu tattauna a kansu yau, don su ne matan da 'ya'yanki maza suka fi gani bayan ke da ƙannensu.

Bari in fara da inda abin ya fito. Yawancin katun ɗin ƙwallo da yaranmu ke kallo daga ƙasar Japan suke, kuma kafin su zama abin kallo, littattafai ne. Can suna da wata hanyar ba da labari da zane, shafi bayan shafi, kowane hoto da 'yar maganarsa a ciki. Sunanta manga. Daga dama ake buɗe ta, kamar yadda muke buɗe littafin Larabci. Ba a haɗa wa kowa da kowa: akwai ta yara maza, akwai ta 'yan mata, akwai ta manya. Babbar mujallar yara maza ita ce Shonen Jump, wadda aka fara bugawa a 1968, daga baya ta koma fitowa duk mako. A wajen 1995 ana buga mata sama da kwafi miliyan 6 a mako guda. Miliyan 6 fa, uwargida, duk mako.

A wannan mujalla ne wani saurayi mai suna Yoichi Takahashi ya fara labarin Captain Tsubasa a 1981, bayan gasar cin kofin duniya ta 1978 ta sa masa son ƙwallo. Larabawa suka fassara katun ɗin suka sa masa Kyaftin Majid, kuma da wannan suna ya iso mana nan Kaduna. Mu da muka tashi a shekarun 2000 ba mu manta ba: gidan da aka kafa dish, nan yaran layi ke tarewa bayan la'asar, in Nepa ta yi mutunci. Tashar Spacetoon ta raba shirye-shiryenta gida-gida, akwai na wasanni, akwai wani daban mai suna Zumurruda wai shi ne na 'yan mata. Kin ga tun daga nan an riga an ja layi. A waɗannan shekarun ne kuma wata mujallar zane ta Afirka ta Kudu, Supa Strikas, ta shigo Nijeriya da jaruminta Shegs Okoro, yara maza na karɓa-karɓa da ita a aji har sai ta yage. Yau an koma kallo a waya, amma labaran dai su ne, har an sake zana Tsubasa sabo a 2018.

To me ya sa matan cikin labaran nan kusan duk kamarsu ɗaya? Dalili biyu nake gani.

Na farko ciniki ne. Mujallar tana tambayar masu karatu kowane mako labarin da ya fi burge su. Wanda ya daɗe a ƙasa, sai a yanke shi ko da bai kai ƙarshe ba. Mai zane yana da shafi kamar 19 a mako, ya kuma san ɗan shekara goma sha biyu ne zai yanke masa hukunci. Shin zai kashe shafi biyar yana nuna abin da ke damun wata yarinya, ko zai kashe su a kan ƙwallon da ta fasa raga? Ke ma kin san amsa. Mai talla abin da ake saye yake ɗorawa a faranti.

Na biyu kuwa, ita manajar nan ba ƙirƙirarta aka yi ba, akwai ta da gaske. A makarantun sakandaren Japan kowane wasa da ƙungiyarsa, kuma a ƙungiyoyin maza sau da yawa za ki tarar da ɗaliba ɗaya ko biyu da ake kira manaja. Kada sunan ya ruɗe ki, ba irin manajan banki ba ne mai kujera da sanyin ofis. Ita ce mai wanke jesi, mai haɗa abin sha, mai tsince ƙwallaye, mai rubuta sakamakon wasa, mai ɗaure wa wanda ya gurɗe ƙafa. Tana zuwa kafin kowa, tana tashi bayan kowa, ba a kuma rataya mata lambar yabo. Akwai wata babbar gasar makarantu ta wasan besbol, wasan da ake bugun ƙwallo da kulki, wadda ake yi duk watan Agusta a filin Koshien kusa da birnin Osaka. Sai a 1996 aka yarda mace ta zauna a bencin 'yan wasa a can tana rubuta sakamako. A 2016 ma an tsayar da wata manaja da ta shiga filin tana miƙa ƙwallo lokacin atisaye, aka ce ta fita, abin ya jawo surutu a ƙasar har sai da aka sassauta dokar. Watau masu zanen abin da suka gani a makarantunsu suka zana.

Tsohuwar siffar macen labarin wasanni ma ba ta kai manaja ba. A wani labarin besbol da aka fara a 1966, Kyojin no Hoshi, akwai yayar jarumin, Akiko. Uwarsu ta rasu, ita ke riƙe da gida. Uban yana gana wa ƙanenta azaba da sunan horo, ita kuwa ta raɓe a gefe tana leƙe tana zubar da hawaye. Hoton da Japanawa suka riƙe nata ke nan har yau, mai kuka daga nesa. Daga baya aka aurar da ita ga babban abokin hamayyar ƙanen nata.

Mu dawo kan Majid, tunda shi muka fi sani, kuma a nan nake so mu daɗe.

Kin tuna yarinyar nan mai katuwar tuta? Sunanta na asali Sanae. A farkon labarin, suna firamare, ita ce shugabar masu goyon bayan ƙungiya. Kayan maza take sawa, ta ɗaure goshi, muryarta ta fi ta kowa, in yaro ya yi mata rashin kunya ta gyara masa zama. Maza ne ke bin bayanta, har laƙabin da suke kiranta da shi ma'anarsa kamar a ce babbar yaya. Ni dai ina yarinya ita ce gwanata. Amma da suka shiga sakandare sai aka wayi gari an sauya ta. An kwantar da gashi, an sassauta murya, tuta ta koma hannun wasu, ita ta zama manaja, tana shanya jesi tana jinyar raunukan Majid. Ya tafi Birazil neman ƙwarewa, ta zauna jira. Ya dawo ya ci kofin matasa na duniya, aka ɗaura aure, ta bi shi Basalona.

Kada ki ce aure nake kushewa, Allah ya kiyaye, ni ma a ɗakina nake. Nutsuwa kuma ado ce ga 'ya mace, ba mai musun wannan. Abin da nake so ki lura da shi, yadda marubucin ya fahimci girma ne. In yaro namiji ya girma a labarin, sai ki ga ya koyi sabon bugu, ya yi sabon abokin hamayya, ya ƙetare teku. In yarinya ta girma, sai ki ga ta rage magana. Shi ƙara masa ake yi, ita rage mata ake yi. Tun daga tuta har ɗakin aure, duk abin da Sanae take so shi ne abin da Majid yake so. Ba a taɓa tsayawa an tambaye ta ba, ke fa, me kike so ki zama?

Sai Yayoi, manajar ƙungiyar su Misugi, wanda Larabawa suka kira Mazin, yaron nan mai ciwon zuciya. Ita kaɗai a cikin yaran ta san sirrin ciwonsa. Da za a yi wasan kusa da na ƙarshe, tausayi ya sa ta je ta sami Majid ta faɗa masa, ta roƙe shi ya bar Mazin ya ci, don wataƙila wasansa na ƙarshe ke nan. Kuskure ta yi, na yarda. Amma da Mazin ya ji, mari ya ɗauke ta da shi. Labarin bai tsaya a kan marin ba, hankalinsa na kan wa zai ci wasa. Ɗanki ɗan shekara takwas yana zaune gaban akwati, ya ga jarumin da ake tausaya wa ya mari yarinyar da ta damu da shi, ya ga kuma ta ci gaba da riƙe masa tawul. Wallahi wannan wurin, in kina kusa, ya cancanci ki ce a dakata ki yi magana. Daga baya Yayoi ta shiga koyon aikin jinya, wanda sana'a ce mai daraja, sai dai ko ita an ɗaura ta ne a jikin ciwon Mazin.

Akwai kuma Yoshiko, wadda ta ɗinka wa duk 'yan ƙungiyarsu ƙyallen ɗaure goshi, kowa da lambarsa, a na kyaftin ɗinsu kuma ta ɓoye saƙon zuciyarta a cikin ɗinkin. Bai gani ba sai da aka tashi wasa, ita kuma tana hanyar filin jirgi za su ƙaura Amurka, ya bi ta da gudu. Wannan kam ko ni sai da na share ido. Duk wadda ta taɓa zama da allura da zare tana ɗinka hula da wani a ranta ta san abin da yarinyar nan ta ji.

Wadda ta fi taɓa ni yanzu da na girma ita ce mahaifiyar Bassam. Mijinta ya rasu ya bar ta da yara huɗu. Bassam ne babba, yana rabon jarida yana 'yan ayyuka don a sami na cefane, shi ya sa ya tashi da zafin zuciya. Ita kuwa tana aiki har sai da jiki ya gaza ta kwanta. Ni dai ban taɓa jin an kira ta da sunanta ba. Ana nuna ta ne a lokacin da ake son mu gane dalilin fushin ɗanta, da an gama sai a rufe ƙofa a koma fili. Mata nawa kika sani a Kawo ko Unguwar Shanu ko Badarawa masu irin labarinta? Wadda ke tashi da asuba ta soya ƙosai yara su fita da shi, ta yi zubin adashi, ranar kwasa ta saya wa ɗanta takalmin ƙwallo na gwanjo a Kasuwar Barci don kada ya ji kunya cikin abokai. In yaron nan ya yi suna gobe, gidan rediyo zai kira kocinsa a yi hira. Ita ko a gaishe ta.

Don kada in yi wa Takahashi rashin adalci, ya sa mata biyu da suka ɗan fita daban. Akwai Kaori Matsumoto, ma'aikaciyar wata babbar makaranta mai farautar 'yan wasa, wadda ta ga Bassam ta san zai yi nisa, ta nema masa gurbin karatu, daga baya ta zama mai kula da harkokinsa. Akwai kuma Maki, 'yar wasa ce ita ma, mai jifan ƙwallo a wani wasa ɗan'uwan besbol. Ita tana da nata filin da nata burin. Amma ko ita, babban aikinta a labarin shi ne Bassam ya ga yadda jifanta ke tashi sama, ya samo dabarar sabon bugunsa.

Ga ma'aunin da nake amfani da shi, mai sauƙi ne, ke ma kina iya gwadawa daga inda kike zaune. Ki cire yaron daga labarin, ki ga me ya rage wa yarinyar. In ba abin da ya rage, to ba mutum aka zana ba, madubi aka rataya don jarumi ya riƙa ganin kansa.

Da wannan ma'aunin za ki ga abubuwa sun motsa, ko da yake tafiyar hawainiya ce. A shekarar da aka fara Tsubasa, 1981, wani mai zane Mitsuru Adachi ya fara labarin Touch a wata mujallar. Yarinyar ciki, Minami, ta fara da manaja, amma sai ta shiga nata wasan na motsa jiki ta yi fice a kansa, har ta zama ana zuwa kallonta ita ma.

Sai Slam Dunk na Takehiko Inoue, labarin ƙwallon kwando da aka yi daga 1990 zuwa 1996, wanda Larabawa suka kira jaruminsa mai jan gashi Hassan. Mata biyu ne a ciki, kuma in kika ajiye su gefe da gefe za ki ga tsohon yayi da sabo. Haruko, ƙanwar kyaftin, ita ce dalilin shigarsa wasan, don ya burge ta kawai. Aikinta murmushi da ƙarfafa gwiwa. Ayako kuwa manaja ce, amma irin wadda ta san aikin. Ita aka damƙa wa jarumin ta koya masa tushen wasa a gefen fili, yana gunaguni tana kwaɗa masa maficin takarda a ka. Ta san dokoki, tana karanta wasa, 'yan wasa na jin maganarta. A wasan ƙarshe da ya bugu a baya, ita ce ta gane raunin ba na wasa ba ne. Duk da haka, har labarin ya ƙare ba a faɗi sunan gidansu Ayako ba, alhali 'yan wasan da ke zaman benci ma an faɗi nasu.

Abin sha'awa, shi wannan Inoue da ya manyanta ya dawo ya yi fim ɗin labarin a 2022, sai ya ɗauko wata da ba ta da wuri a da, mahaifiyar ɗaya daga cikin 'yan wasan, ya sa ta a tsakiya. Mace ce da ta rasa miji, ta kuma rasa babban ɗanta a teku, ga ƙaramin ya nace sai wasan da marigayin yake yi, har da lambar rigarsa. Duk sanda ta gan shi da ƙwallo, wancan take gani. Ba ta iya hana shi, ba ta kuma iya kallonsa. A nan an ba uwa zuciya irin ta mutane, mai ƙauna da ɗaci a haɗe. Shekara 26 tsakanin ƙarshen littafin da fim ɗin. Ashe shi ma mai zane sai ya girma yake ganin uwa.

A Kuroko no Basket, wanda aka fara a 2008, an ma ba ɗaliba mace, Riko, kocin ƙungiyar maza sukutum. Ita ke tsara horo, ita ke canza 'yan wasa. Sai dai marubucin bai bar ta ta sha ruwa ba: kullum ana mata dariya wai ba ta iya girki ba, ana kuma tsokanar surar jikinta. Kamar dai ana ce wa yara, kun ga, ta iya aikin maza, amma ga abin da ta rasa.

Tunda na taɓo sura, bari in faɗa miki wannan a fili, tsakanina da ke. Ba duk katun ne na yara ƙanana ba. Wasu daga cikin labaran nan an yi su ne don samari 'yan sakandare, kuma akan saka wuraren da aka zana 'yan mata da kayan da ba su dace ba, ko wajen wanka ko bakin ruwa, ba don labarin yana buƙata ba sai don jan ido. Tashoshin Larabawa na da sukan yanke irin waɗannan wurare, su ma sauya wasu maganganun. Abin da yaro ke saukewa a waya yau ba wanda ya tace masa. Don haka in kin ji ihun ƙwallo daga wayar, kada ki ce ai wasa ne kawai ki juya baya.

Wanda ya fi kwanta mini a rai shi ne Haikyu na Haruichi Furudate, labarin ƙwallon raga da aka yi daga 2012 zuwa 2020. Akwai wata 'yar aji ɗaya, Yachi, matsoraciya ta ƙin ƙarawa. Da aka gayyace ta zama manaja sai ta rikice, domin ita a ganinta ba kowa ba ce: ko a wasan kwaikwayon makaranta, cikin 'yan cika wuri aka sa ta, waɗanda ke wucewa ta baya ba a san da su ba. Kin ga dabarar marubucin? Ya ɗauko mutumin gefe, ya sa ita da kanta ta san a gefe take, sannan ya ba ta babi nata. Mahaifiyarta mai sana'ar zane-zanen talla ce, ba ta lallashe ta ba, ta gaya mata shiga abu da rabin zuciya raini ne ga waɗanda suka ba shi ransu. Yarinyar ta yi ta juyi, a ƙarshe ta tsaya gaban uwar ta ce za ta yi. Ƙungiyar ba ta da kuɗin tafiya, sai ta zauna ta tsara musu hoton neman taimako da basirar da ta gada, aka lilliƙa a gari, kuɗi suka shigo. Da labarin ya tsallaka shekaru, sai ga ta tana aiki a kamfanin zane. Cire yaran ƙwallon duka, Yachi tana nan da sana'arta.

Babbar manajar, Shimizu, ita ma an daɗe ana nuna ta a matsayin kyakkyawar da samari ke rawar kai a kanta. Can sai aka buɗe mana cewa 'yar tsere ce a da, mai tsallake shinge, har da tabban faɗuwa a ƙafafunta. Ranar babbar gasa aka yi musayar jaka, takalmin ɗan wasansu ya tafi wani wuri, ita ta ruga ta karɓo shi, ta tsallake abin da ya tare mata hanya kamar yadda ta saba a da. Aikin dai na bakin fili ne, ɗauko takalmi. Amma an nuna shi a matsayin aikin da sai mai horo zai iya, an kuma nuna wace ce ita kafin ta zo nan.

Wannan shi ne bambancin da nake so ki riƙe, domin na san wata za ta ce, to ke 'yar boko, so kike 'ya'yanmu mata su fita su buga ƙwallo? Wannan shawarar gidanku ce, ke da maigida, ba tawa ba. Ni ba na raina mai ɗebo ruwa. Yaya zan raina ta, alhali da ke nake magana, ke da gida ke tsaye a kanki ba tare da an gan ki a waje ba? Ke ce mai wankin jesin, ke ce mai gasa ƙafar da ta kumbura, ke ce kika san wanda ya ci abinci da wanda ya fita da yunwa. Abin da nake ƙi shi ne labarin da zai koya wa ɗanki cewa wannan aiki haka yake faɗowa daga sama, mai yinsa ba ta da suna, ba ta da gajiya, ba ta da wani buri sai nasararsa. Yaron da ya sha wannan tun yana ƙarami, ranar da ya yi aure zai zaci manaja aka kawo masa.

Duniyar gaske ma ta riga masu zanen nisa. A 1999 matasan Japan maza, waɗanda suka tashi da karatun Tsubasa, sun zo nan Nijeriya gasar matasa ta duniya, wadda aka buga wasu wasanninta a filin Ahmadu Bello na nan Kaduna. Sun kai wasan ƙarshe a Legas, Sifen ta ba su 4 da nema. Kofin duniya na manya da Majid ke mafarki kuwa, matan Japan ne suka ɗauko shi a Jamus a 2011. Mu ma a nan, Super Falcons sun ɗauki kofin Afirka karo na 10 a Maroko a 2025, 'yan matanmu na ƙwallon kwando kuma, ƙarƙashin koci mace Rena Wakama, sun kai zagayen 'yan takwas a wasannin Olamfik na Faris a 2024, abin da ba wata ƙungiyar Afirka, ta maza ko ta mata, da ta taɓa yi.

Ba sai kin iya Japananci ko Larabci ba kafin ki sa baki. In suna kallo, ki ɗauko tsintar wakenki ki zauna kusa. Ki nuna yarinyar da ke bakin fili ki ce, waccan wace ce, yaya sunanta? Sau da yawa za ki ga yaron ya san sunan 'yan wasa goma sha ɗaya da lambobinsu, amma nata sai ya yi ta sosa ƙeya. Ki ce, me take so ita? Wa ya wanke rigunan nan da suka fito fes? In ba ta zo ba yau, wa zai yi? Ki bar shi ya nemo amsa da kansa, ba sai kin yi wa'azi ba.

Na gwada a gidan yayar tawa da na koma. Na tambayi babban sunan mai tutar, ya ce shi dai ya san matar Majid ce. Autar ce ta karɓe daga bakinsa, ta faɗi sunan, ta ƙara da cewa ai da can ita ce shugaba, maza ma tsoronta suke ji. Yayata ta ajiye faranti ta ce to daga yau duk wanda ya buga ƙwallo a tsakar gidan nan shi zai ɗebo ruwansa, ya kuma wanke rigarsa ranar Asabar. Aka yi ta ƙunƙuni. Da na fito zan tafi, na bar autar ta ɗaura ɗankwalin uwarta a jikin muciya tana kaɗawa, tana ba Majid da Bassam umarnin su koma baya a sake wasan, wai ƙwallon farko ba ta shiga ba.

Sai mun sake saduwa a mako mai zuwa, uwargida. A gaida yara, a huta lafiya.